Daga Daɓen Harami Zuwa Lungun Gida: Zama Lafiya da Keken Lantarki na Dattawa

Gwaggona ba ta taɓa tuƙa komai ba, ko keken hawa, sai da ta haura shekara saba'in, kuma a Makka. Ta tafi Umra da gwiwoyin da sanyin ƙashi ya riga ya cinye. A gida ma, daga ɗakinta zuwa bakin rijiya sai ta huta sau biyu, balle zagaye bakwai na ɗawafi, a ɗora da sa'ayi tsakanin Safa da Marwa mai kimanin kilomita uku. Ɗanta ya kai ta benen da aka keɓe wa masu hawa keken lantarki a cikin Harami, aka zaunar da ita, aka nuna mata abin da za ta matsa. Ta yi ibadarta a zaune, ba wanda ya tura ta, ba wanda ya tallafe ta. Malamai ba su ga laifin haka ba, domin ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya yi ɗawafi a kan raƙumi a Hajjin Bankwana, ya kuma umarci Ummu Salama ta yi nata a kan abin hawa lokacin da take fama da rashin lafiya.

Da ta dawo ba ta da labari sai na keken. Ba a daɗe ba ɗan nata ya sa aka aiko mata da irinsa daga waje. Makonnin farko unguwa ta sha kallo. Ta je barka, ta je ta'aziyya, ta leƙa Islamiyyar matan aure da ta shekara uku rabonta da ita. Sai damina ta sauka, lungu ya caɓe, aka tura keken bayan ƙyauren zaure aka lulluɓe shi da tsohon zani. Da kaka ta yi aka yaye zanin, aka murɗa makulli, ko ƙyaftawa fitilarsa ba ta yi ba. Babu abin da ya karye a jikinsa. Batirin ne ya mutu, kuma mu muka kashe shi da rashin sani.

An ƙera wannan keke ne domin ƙasashe masu sanyi, masu wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa, masu shimfiɗaɗɗen gefen titi. Duk wanda ya kawo shi ƙasarmu, shi zai cike gurbin waɗannan abubuwa uku da kulawarsa.

Asalinsa da ƙirarsa

A 1968 wani mai aikin famfo a garin Bridgeport na jihar Mishigan ta Amurka, Allan Thieme, ya haɗa keken da aka fi ɗauka a matsayin na farko na wannan nau'i a garejin gidansa, saboda wata daga cikin iyalinsa da cutar jijiyoyi ta fara hana ta tafiya. Ya raɗa masa suna Amigo, wato aboki da harshen Sifaniyanci. Tun daga lokacin siffarsa ba ta sauya sosai ba: kujera mai juyawa, faffaɗan wurin ajiye ƙafa, ƙafafu uku ko huɗu, da kai irin na babur da ake riƙewa da hannu biyu. A ƙarƙashin kujera akwai batir, yawanci biyu masu bolt 12 da aka jera suka zama 24, sai injin da ke juya ƙafafun baya, sai wani ɗan akwati da masu gyara ke kira ƙwaƙwalwa, wanda ke raba wa injin wuta gwargwadon yadda mahayi ya matsa totur.

Abin da ya fi ruɗa wanda ya saba da mota ko babur shi ne birki. Babu abin takawa. Totur ɗin wani ɗan ƙarfe ne a ƙarƙashin hannu, a matsa wannan gefe keke ya yi gaba, a matsa wancan ya yi baya. Da an sake shi injin zai rage gudu, sannan birkin maganaɗisu ya damƙe ƙafafun da kansa. Tsayawa a wannan keke sakin hannu ne. Matsalar ita ce ɗan Adam idan ya firgita damƙewa yake yi, shi ya sa sabon mahayi kan ƙara wuta daidai lokacin da yake son tsayawa. Darasin farko ke nan, kuma sai an maimaita shi har hannu ya haddace.

Ƙasashen da keken ya yawaita sun yi masa doka. A Birtaniya an raba shi gida biyu. Ƙaramin ba ya wuce mil 4 a awa, kimanin kilomita 6, kuma gefen titi yake bi tare da masu tafiya a ƙasa. Babban yana kai mil 8, kusan kilomita 13, yana iya hawa titi, amma sai an yi masa rajista, sai yana da fitilu da sigina da madubi da ham, kuma ɗan ƙasa da shekara 14 ba ya tuƙa shi. Idan babban ya koma gefen titi, dole ya sauko zuwa mil 4. Ba a neman lasin, amma hukuma tana ba da shawarar mahayi ya iya karanta lambar mota daga nisan mita 12.3. A Japan, inda kamfanin Suzuki ke ƙera irinsa domin tsofaffi, iyakar gudunsa kilomita 6 ne a awa, kuma doka tana ɗaukar mahayinsa a matsayin mai tafiya a ƙasa. Ma'anar duk waɗannan ƙa'idoji ɗaya ce: keken ƙafa ce da aka ara wa mutum, gudun ƙafa ya kamata ya yi.

Kafin a fitar da kuɗi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 80 ne ke buƙatar keken guragu a duniya, amma ba duka wannan keken zai yi wa amfani ba. Ya dace da wanda zai iya zama a miƙe ba tare da jingina a gefe ba, wanda hannuwansa ke da ƙarfin juya kan keke, wanda zai iya hawa da sauka da kansa ko da ɗan taimako. Mai sanyin ƙashi, mai ciwon zuciya ko na huhu da ke haki bayan 'yan taku, wanda suga ta sa aka yanke wa ƙafa, waɗannan su ne mutanensa. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, sai likita ya duba, domin ban da hannu cutar kan taɓa gani ta gefe guda ba tare da mai ita ya lura ba. Mai farfaɗiyar da ba ta lafa ba, da wanda mantuwar tsufa ta kama, da wanda yana ta rufe wa ido, ba su keken jefa su ne cikin haɗari. A fara zuwa wurin likitan gashin ƙashi. Shi zai faɗi ko keken ya dace, shi ne kuma zai ja kunne kada a daina 'yar tafiyar da ake iya yi a tsakar gida, don ƙafar da aka daina mora saurin mutuwa take yi.

Sai zaɓen nau'i. Mai ƙafa uku ya fi juyawa a matsattsen wuri, amma ya fi saurin kifewa. Mai ƙafa huɗu ya fi zama daram a gargada, shi ya fi dacewa da lungunanmu. Ƙananan da ake ninkewa a sa a but ɗin mota an yi su ne domin daɓen asibiti da filin jirgi da manyan kantuna. Ƙafafunsu ƙanana ne, cikinsu kusa da ƙasa, rairayi kaɗan ke riƙe su. A duba nauyin da aka rubuta keken zai ɗauka, a haɗa da na kayan da za a riƙa ɗorawa. A auna faɗin ƙofar zaure da ta ɗaki kafin a saya. Idan na hannu ne, a sa a rai cewa batirinsa ya gaji ko da mai sayarwa ya rantse, a lissafa kuɗin sababbi a cikin ciniki. A kuma tabbata ya zo da cajarsa ta asali da littafinsa.

A kan kujera

A fara koyo a fili, farfajiyar makaranta bayan an tashi ko tsakar gida mai faɗi. A jikin kan keken akwai abin murɗawa da aka zana kunkuru a gefe guda, zomo a ɗaya gefen. A bar shi a kan kunkuru har sai tashi da tsayawa da ribas da kwana sun zauna. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin hawa da kafin sauka a kashe makulli. Wannan ƙa'ida ta fi ƙarfi a wurinmu saboda suturarmu. Hannun babbar riga, ko gefen mayafi, ko carbi da ke rataye a wuyan hannu, kowanne yana iya jan totur lokacin da ƙafa ɗaya ke ƙasa ɗaya ke sama. Bayan an zauna a tabbata kujera ta ƙulle tana kallon gaba, a tattare hijabi da zani da jelar rawani a kan cinya. Duk wanda ya taɓa ganin abin da ƙafar babur ke yi wa hijabi ba ya buƙatar ƙarin bayani. Amma idan keke na cikin tafiya kada a kashe makulli, domin birkin zai kama farat ɗaya, ya wurgar da mahayi gaba.

Kwana ita ce inda aka fi faɗuwa. Mahayi yana zaune a sama, ƙafafun keke kuma a matse suke, don haka a rage gudu tun kafin a kai kwanar, a buɗe ta sosai don kada ƙafar baya ta faɗa kwata. Tudu da gangara a fuskance su kai tsaye. Bin su a karkace ko juyawa a tsakiyarsu shi ke kifar da keke. A hawa a ɗan rusuna gaba, a gangara a koma kan kunkuru. Kowane keke yana da iyakar tudun da zai iya hawa, yawanci tsakanin digiri 6 zuwa 10, kuma a rubuce yake a littafinsa. 'Yan ƙananan ƙafafun nan biyu da ke bayansa ba ado ba ne, su ke hana shi wuntsilawa ta baya, kada wani mai gyara ya cire su don wai suna karto ƙasa.

A ƙasan kujera ta baya akwai wani ƙarfe, sau da yawa mai jan kai ko rawaya, wanda ke raba injin da ƙafafu don a iya tura keken da hannu. Da an ja shi, birki ya tafi gaba ɗaya. Kada a taɓa shi alhali mutum yana zaune, balle a gangara. Yawancin kekunan ba sa tashi idan an manta shi a buɗe, sai dai su yi ta ƙara. Kafin a kira mai gyara, nan za a fara dubawa.

Kujera ɗaya ce, ta mutum ɗaya. Jika zai yi kuka, zai ce shi ma sai ya hau, kuma kakanni ba su iya hana jika ba. Amma yaro a kan cinya hannunsa totur yake nufa, yaro a tsaye a baya kuma yana ɗage ƙafar gaba. A cire makulli a sa a aljihu duk lokacin da aka sauka. Ledar cefane ma kwando ne wurinta, rataya ta a kan keke yana karkatar da tuƙi.

Sai titi. Yawancin garuruwanmu ba su da gefen titi na masu tafiya, inda yake kuma masu tebur da masu faci sun riga kowa. Mahayin wannan keke a zaune yake ƙasa da tagar mota, direban tifa ba ya ganinsa sam, ɗan adaidaita sahu kuma ba ya jira. A zaɓi lungu ko da ya fi nisa. Idan ba makawa sai an hau kwalta, a bi hannun da motoci ke bi, a lafe a gefen dama, a kafa doguwar sanda mai tuta mai haske a bayan kujera. Tsallaka babban titi a yi shi da ɗan rakiya. Fitar Asuba da ta Isha kuwa sai da fitila gaba da baya, domin keken ba ya ƙara, ba wanda zai ji zuwansa. A cikin jama'a, kamar bakin masallaci ko kasuwa, haƙƙin mai tafiya a ƙasa ne a gaba. Babban keke da mahayinsa suna iya haura kilo 200, kuma idon sawun yaro ba ya jure wannan.

Batir, inda ran keken yake

Batir iri biyu ne. Akwai na dalma wanda aka rufe ruf, ba a zuba masa ruwa. Yana da nauyi, amma ya fi araha. Akwai na litiyam, mai sauƙin ɗauka, mai tsawon rai, mai tsada. Na Gwaggo na dalma ne, kuma ga abin da ya same shi. Duk lokacin da batirin dalma ya ba da wuta, wani farin gishiri yana taruwa a jikin farantansa. Caji shi ke narkar da gishirin. Idan aka bar batir a sauke na makonni, gishirin sai ya daskare, daga nan ba cajar da za ta iya da shi. Batir kuma yana zubar da wutarsa ko ba a taɓa shi ba, zafi yana ƙara saurin zubar. Mu mun ajiye shi ne bayan dawowa daga unguwa, ba mu caja ba, muka bar shi watanni.

Saboda haka, a caja bayan kowace fita, ko da nan da masallaci ne. Kada a jira sai fitilar ta koma ja. A bar shi ya cika, abin da kan ɗauki awa 8 zuwa 12. Idan za a ajiye keken saboda damina ko tafiya, a cika batirin, a cire wayarsa, a riƙa jona shi duk bayan sati biyu. Na litiyam ya sha bamban a nan, ya fi son a ajiye shi da kimanin rabin caji.

Zafi ne babban abokin gabarsa. Ana auna ƙarfin batir ne a ma'aunin zafi 25, kuma ƙa'idar da masu ƙera shi ke amfani da ita ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba tsawon ran batirin dalma biyu. A watan Afrilu zafi yana haura 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Batirin da zai yi shekara biyu a Ingila kada a yi mamaki in bai kai haka ba a nan. Abin da ke hannunmu shi ne inuwa: kada a bar keken a rana, kada a ajiye shi a ɗakin kwano marar silin ko cikin rufaffiyar mota, kuma in an dawo da rana a bar batirin ya huce kafin a jona.

Sai wutarmu. A karanta bayan caja. Idan an rubuta 100 zuwa 240V, za ta yi aiki a ko'ina. Idan 110 ko 120 kawai aka rubuta, kamar wasu da ke zuwa daga Amurka, wutarmu mai bolt 230 za ta ƙone ta nan take. Wutar da ke hawa da sauka, da ta ƙaramin janareto, suna gajiyar da caja, don haka a haɗa ta da na'urar daidaita wuta. Abin daɗin shi ne ba ta da ci: cajar ƙaramin keke ba ta kai fankar sama jan wuta ba, sola ta gida mai inbata za ta riƙe ta.

Ranar sauya batir a sauya biyun tare, iri ɗaya, ƙarfi ɗaya. Tsoho da sabo in aka haɗa, tsohon zai ja sabon su mutu tare. Kada a yarda a sa batirin mota. Shi an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi ya tayar da inji. Na keke ɗan dako ne, kaɗan-kaɗan yake bayarwa tsawon yini. Ga kuma ruwan batirin mota da zai zube wa mahayi in keke ya kife. Mataccen batir a mayar wa mai sayarwa, kada a bar shi a tsakar gida yara su fasa. Gubar dalma ba baƙuwa ba ce a wurinmu: a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Can daga duwatsun zinare ta fito, amma dalmar da ke cikin batir ita ce dai.

Gobara da zaure

Batirin litiyam idan ya bugu, ko ya jiƙe, ko aka caja shi da cajar da ba tasa ba, yana iya ɗaukar zafi daga ciki har ya kama da wuta, wuta mai saurin tashi da hayaƙi mai guba, mai wuyar kashewa. Hukumar kashe gobara ta Landan ta daɗe tana gargaɗin masu kekuna da babura masu irin wannan batir da abu biyu: kada a caja ana barci, kada a caja a hanyar fita.

Gargaɗi na biyun kamar da gidan Bahaushe aka yi shi. Ƙofarmu ɗaya ce, ta zaure, kuma zaure ne wurin da kowa zai ga ya fi dacewa da ajiye keke. Idan wuta ta tashi a nan, an rufe gida duka, kuma wanda ya fi kowa kasa tsallake katanga shi ne mai keken. A nemi rumfa a tsakar gida, mai iska, nesa da katifa da buhunan hatsi da jarkar fetur. A jona caja a soket na bango, kada a bi ta doguwar waya mai araha da aka cika da kaya, kada kuma a lulluɓe ta da zani. Batirin da ya kumbura, ko yake wari, ko yake zafin da hannu ba ya jurewa, a cire shi a fitar da shi fili, a daina amfani da shi.

Ƙura, ruwa da mai gyara

Kullum kafin fita, minti biyu sun isa: a duba cikar batir, a latsa taya, a gwada ham da fitila, a ɗan matsa gaba a saki a ji birki ya kama. Duk sati a goge keken da ɗanyen tsumma, a duba ƙarƙashi ko leda ko zare ko gashin kitso ya naɗe a gindin ƙafa, a taɓa kusoshin kujera da na kai, domin gargada tana kwance su. A hunturu a rufe shi in ba a caji, ƙura tana shiga totur da ramin caja.

Kada a kai shi wurin wankin mota. Ruwan tiyo yana shiga ƙwaƙwalwa, ita kuwa ba a cika samunta a kasuwa ba. Idan ruwan sama ya tare mutum a hanya, a rufe kan keken da leda a nemi mafaka, a bar shi ya bushe sarai kafin a caja. Kududdufi kuma a kauce masa, ba a san zurfinsa ba.

Taya iri biyu ce. Mai iska ta fi taushi ga mai ciwon baya, amma ƙusa da ƙaya suna samunta. Ta roba zalla ba ta faci, sai dai tana jijjiga. Idan mai iska ce, a bi adadin da aka rubuta a gefenta, a kuma gaya wa mai faci cewa da yawa daga cikin waɗannan ƙafafu ƙarfensu gida biyu ne da aka ɗaure da kusoshi. Sai an sace iskar duka kafin a kwance, in ba haka ba ƙarfen na iya fashewa a fuskarsa.

Idan keke ya tsaya cak bayan hawan tudu ko ɗaukar nauyi, akwai maɓallin da ke yanke wuta kusa da batir. A jira 'yan mintuna a danna shi. Idan fitilar kai tana ƙyaftawa, a ƙirga sau nawa, littafin keken zai faɗi abin da adadin ke nufi. Sau ɗaya a shekara a kai shi wurin wanda ya san kayan lantarki. Masu gyaran inbata da sola sun fi bakaniken babur kusa da wannan aiki. Abu ɗaya da ba za a yarda da shi ba ko daga bakin wa ya fito: haɗa waya kai tsaye a tsallake fis, ko kwance birki don keke ya tashi.

In tafiya ta kama

A mota, a sauka daga keken a zauna a kujerar mota, shi kuma a ɗaure shi. Yawancinsu ba a ƙera su don a zauna a kansu cikin mota mai tafiya ba. A jirgin sama, a sanar da kamfani aƙalla kwana biyu kafin tashi. Batirin litiyam da ake cirewa, ƙa'idar jiragen sama ta duniya ita ce kada ya wuce 300Wh, kuma a hannu ake shiga da shi. Lissafin ba wuya: a ninka lambar V da ta Ah da ke jikinsa. Mai 24V da 12Ah ya zama 288, ya shiga ke nan.

Dokin ƙofa

Mun sayi sababbin batura. Mun mayar da wurin caji ƙarƙashin rumfa, aka damƙa aikin a hannun wata jikarta 'yar sakandare, tana jonawa da safe in an kawo wuta. Sai muka ga ashe gyaran keke shi ne mai sauƙin. Dokin ƙofar zaure tsayinsa santimita 15 ne, kuma ma'aunin da magina ke bi shi ne kowane santimita ɗaya na tsayi yana son 12 na tsawo. Gangarar kusan mita biyu muka zuba. Bayanta kuma ga kwata a buɗe.

Wannan ba matsalar gidanmu ba ce kaɗai. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar shiga ga kowa. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Mai karatu ya ƙirga matakalar bankinsa da ta masallacin unguwarsu ya yanke hukunci da kansa. Waɗanda shan inna ya taɓa sun riga dattawanmu sanin wannan. A Kano ƙungiyarsu, ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada, ta daɗe tana ƙera kekuna masu ƙafa uku da ake murzawa da hannu, kuma kowace kwata ta garin sun san ta. An tabbatar da kawar da ƙwayar cutar shan inna ta asali daga Afirka a Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, suna kuma manyanta.

Maƙwabta ne suka haɗa kuɗin siminti aka zuba murfi a kan kwatar lungunmu. Ranar da ya bushe na ce, “Gwaggo, ke za ki buɗe hanya.” Ta ce, “Ɗan nan, ai an riga ni.” Da gaskiyarta. Tun da sassafe mai ruwa ya bi da kurarsa ba tare da ya sauke jarka ko ɗaya ba, bayansa kuma wani yaro mai keken hannu da ya saba zagayawa ta bayan makaranta. Ita sai da hantsi ta fito, ta tattare hijabinta a cinya, ta duba abin murɗawa ta ga yana kan kunkuru, ta nufi Islamiyya.